Belin Ɗan Fari

Ku yaran yanzu idan kun zo gaishe ni, sai ku yi ta kallon baƙar rigar nan da ke rataye a bango kamar ita ta yi aikin. Wata a cikinku ma ta taɓa ce mini wai mu mun ji daɗi, tunda a zamaninmu lauyoyi ba su da yawa, balle mata, duk inda muka shiga miƙe mana ake yi. Na yi dariya har tari ya sarƙe ni. To ku gyara zama in gaya muku yadda aikin yake a Gusau a shekarun saba'in, lokacin da gwamnati ta ɗauke ni ta ce in riƙa tsaya wa waɗanda ba su da halin ɗaukar lauya. Akasarinsu mata ne, sai kuma waɗanda aka kulle aka manta da su.

Ofishinmu ɗaki ɗaya ne a bayan ginin kotu. Akwai tebur biyu, da keken rubutu mai ƙara kamar ana sussuka, da takardar kabon da muke mora har sai ta koɗe ta daina fitar da komai. A kan kanta akwai kundin dokar laifuffuka, da na tsarin gudanar da shari'a, da littattafan fiƙihu na maigidana a wurin aiki, Malam Isiyaku, waɗanda ya yi wa riga da fata don kada gara ta ci. Akwai kuma tsohuwar motar ofis, wadda ba ta tashi sai an tara mutane an tura. Malam Isiyaku tsohon magatakardan kotun alƙali ne da ya yi karatun lauya da furfurarsa. A hannunsa na koyi aiki, ba a makaranta ba.

Mace ta farko da ta shigo mini, na ba ta kujera, na zauna a bayan tebur, na cire murfin alƙalami na tambaye ta sunanta da abin da ke tafe da ita. Ta dubi alƙalamin, ta dubi takardar, ta ce lafiya lau, wucewa take yi ta ce bari ta gaishe mu. Ta tashi ta fita. Sai Malam Isiyaku ya aika kasuwa aka sayo tabarma, ya sa aka shimfiɗa a gefen ɗaki. Tun daga ranar a ƙasa nake karɓar mata, in tuɓe takalmi, in ajiye alƙalami inda ba za su gan shi ba. Ya ce mace ba ta fara magana da abin da ya kawo ta, sai ta zagaya ta kan tsadar gero da ciwon ƙafa, kuma wanda ya katse ta ya rasa ta. Abu na biyu da ya koya mini shi ne in riƙa sauraron sunayen da take ambata, in kuma lura da wanda take tsallakewa, don galibi a kansa maganar take.

A lokacin ba a yarda lauya ya tsaya a kotun alƙali ba, kuma can ne shari'ar mata ta fi yawa. Don haka rabin aikina a waje na yi shi, a gindin bishiya. A Tsafe akwai wata tsamiya kusa da kotu, nan nake tara mata tun da safe. Matsalar ɗaya ce kullum: mace za ta shiga da gaskiyarta, ta durƙusa, ta cusa baki cikin mayafi ta yi ta magana da gwiwarta, magatakarda ya saurara ya gaji ya rubuta cewa ba ta da ta cewa. Sai in sa ta fuskanci tsamiyar nan ta faɗa mata ƙararta, ni kuma in ja baya, in ce ban ji ba, ta sake. Masu wucewa suna cewa gwamnati ta turo mahaukaciya tana koya wa mata hira da itace. Ban damu ba, tunda masu hira da itacen suna fitowa da gonakinsu.

A Bungudu kuma na sha fama da rabon gadon da ake yi mace tana cikin takaba. An san ba za ta fita ba, sai 'yan'uwan miji su yi sauri su kai maganar kotu, kafin ta gama an raba an share wuri. Nan aikin ƙafa ne. In shiga gidan, in zauna da ita, in ji abin da ta sani na dukiyar mamaci, in nemo mata wakili a danginta wanda ba za a saye shi da goro ba, sannan in je in roƙi alƙali a bakin zaurensa ya jinkirta. Roƙo ne fa, ba umarni ba. Wani ya ji, wani ya yi kunnen uwar shegu.

Shekarar da ta fi ba ni wuya ita ce wadda ta biyo bayan daminun nan da suka ƙi, dabbobi suka yi ta mutuwa a daji. Wanda shanunsa suka tsira ya zama abin zargi, duk Bafulatanin da aka gani da saniya mai kyan jiki sai a ce ta sata ce. Gidan yari ya cika da masu jiran shari'a. A shekarar aka mayar da Malam Isiyaku Sakkwato, motar ofis ta mutu mutuwar da ba ta sake tashi ba, na koma hawan motar katako tare da buhuna da awaki. Ni kaɗai ce a ɗakin nan, in buga takarda, in kai ta, in tsaya a kotu, in dawo in tarar da mata sun cika tabarma har waje.

A cikinsu wata safiya na ga wata dattijuwar Bafulatana, doguwa, siririya, da ƙwaryar nono a gefenta. Inna Daso sunanta, daga wata ruga a wajen Wanke, a kasuwar Gusau take tallar nono. Ta bari kowa ya tafi sannan ta matso. Ta yi mini labarin dusa da ta yi tsada, da rijiyar da ta ƙafe, da 'ya'yanta Sambo da Yero da suka yi kudu da garke neman ciyawa tare da duk mazan rugar. Can sai ta ce akwai wani na rugarsu da aka kama a kasuwar Tsafe. Ya kai karsana zai sayar ya sayo hatsi, wani ya fito ya ce tasa ce da aka sace. Na tambaye ta sunansa, ta ce mutane sun san shi. Na tambaye ta ko ɗan wa ne, ta ce a ɗakin kakarsa ya tashi. Ta ambaci sunan kowa a rugar nan har da na shanu, amma shi “wancan” ne daga farko har ƙarshe.

Na ce, “Inna, ɗan fari ne?”

Ta juya ta dubi bango, ta gyara faifan da ke kan ƙwaryarta, wanda dama a daidai yake.

Kun san kunyar ɗan fari, ko da yake ku yanzu har goya naku kuke yi kuna kiran sunansa a bainar jama'a. To ta Fulanin daji ta wuce duk wadda kuka sani. Tun da aka yaye shi aka miƙa wa kaka, matar nan ba ta taɓa kiran sunansa ba, ba ta taɓa haɗa ido da shi ba, ba ta taɓa cewa nata ne a gaban kowa ba. Ga shi ya zama magidanci da gemu da 'ya'ya. A wurinta wannan ba wasa ba ne, shi ne mutuncinta, da shi aka san ta a cikin dangi.

Na je gidan yari na nemo shi. Ummaru sunansa. Tun yanzu in gaya muku don kada ku yi ta tunani: karsanar tasu ce, daga baya tsagar kunnenta ta tabbatar, aka kori ƙarar. Amma wannan sai da mazan rugar suka dawo da damina suka ba da shaida, kuma a ranar da na gan shi damina tana da nisa. Mutumin da bai taɓa kwana a ƙarƙashin kwano ba aka kulle watanni a ɗaki da mutane kamar an cusa kaji a akurki. Ya rame, ƙafafunsa sun kumbura, yana wani tari daga can cikin ƙirji, abincin gidan kuma ba ya zama a cikinsa. Wani tsohon gandiroba ya raka ni ƙofa ya ce mini a hankali, in ina da abin yi in yi da wuri, don irin waɗannan ba sa kai damina. Na tsorata, don na san ba ƙarya yake yi ba.

Kotu ta riga ta ce ana iya ba da belinsa idan an sami mai tsaya masa. A nan gizo ke saƙar. Mazan rugar duk suna kudu. Na bi 'yan kasuwar da ke sayen man shanu a wurin Inna Daso, kowa ya ce Allah ya kyauta, amma wa zai tsaya wa mutumin da gidansa ke bin ciyawa? Ita kuma tun kafin ta zo wurina ta je da ƙafarta ta ce za ta tsaya, ga shanunta na sadaki da suka rage a riƙe. Aka yi mata dariya aka ce mace ba ta beli. Haka ake faɗa a ko'ina a lokacin, a caji ofis da harabar kotu, har mutane sun ɗauka aya ce. In ka tambayi dalili, wani ya ce don mace ba ta biyan haraji, wani ya ce don in mai laifi ya gudu ba a san yadda za a yi da ita ba. Na zauna na bi kundin nan shafi-shafi. Babu layi ɗaya da ya ce haka. Doka ta ce mutum wanda kotu ta gamsu da shi, ba ta ce namiji ba.

Na buga takardar neman a karɓe ta. Amma na san inda ramin yake, don duk mai tsayawa beli sai an tambaye shi alaƙarsa da wanda ake tuhuma. Na zaunar da ita na ce, idan aka tambaye ta mene ne shi a wurinta, me za ta ce? Ta ce in faɗa musu ni, ai na sani. Ban matsa mata ba. Ni ma 'yar ƙasar nan ce, mahaifiyata har ta koma ga Allah ban ji sunan babban yayanmu a bakinta ba. Sai na nemi ƙanwarta Hajjo, wadda suke talla tare, na shirya ta ta ba da shaida cewa wannan uwa ce, wannan ɗa, ita kuma Inna a tambaye ta shanunta da mazauninta kawai.

Majistaren mutumin Kudu ne, mai haƙuri, mai son bin ƙa'ida, Hausarsa ba ta wuce ta cefane ba, sai da tafinta. Mai gabatar da ƙara kuwa wani ɗan sanda ne, Saje Labbo, ɗan wajen Wonaka, wanda ya daɗe a kotu har ya fi wasu lauyoyin sanin lungunanta. Labari ya bazu cewa yau mace za ta yi beli, mutane suka cika benci, wasu suka maƙale a taga. Aka shigo da Ummaru yana jan ƙafa, ya dafa katakon akwatin da ake tsayar da waɗanda ake tuhuma. Inna Daso tana zaune a gefe, ta juya masa ƙeya.

Na tashi na yi bayanina. Saje ya ce ba a taɓa yi ba. Majistare ya miƙa masa kundin ya ce ya nuna masa sashen da ya hana. Saje ya buɗe gaba, ya buɗe baya, ya lashi yatsa ya sake buɗewa, sannan ya ce al'adar aiki ce. Majistare ya ce shi da doka aka aiko shi, a kira matar. Hajjo ta yi shaidarta tsaf. Inna Daso ta shiga akwatin shaida ta faɗi rugarsu da shanunta, murya ƙasa-ƙasa amma ana ji. Na fara tattara takarduna, a zatona an gama.

Sai Saje ya miƙe a hankali, ya ce yana da 'yar tambaya ɗaya. Ya ce beli alƙawari ne na kawo mutum, kuma bai ji matar nan ta ambaci wanda za ta kawo ba. Ya ce a sa ta dubi wanda ake tuhuma, ta faɗi sunansa, ta faɗa wa kotu da bakinta mene ne shi a wurinta. In ba za ta iya cewa nata ne ba, ta yaya kotu za ta ba ta shi?

Raina ya ɓaci ƙwarai, don na san ya sani. Da baƙo ne ya yi tambayar da na ce rashin sani ne. Amma Saje Labbo a cikin al'adar nan aka haife shi, ya san abin da ya ɗora mata, kuma duk wanda ke kan bencin nan ya sani. Na tashi na yi wa majistare bayanin al'adar, na ce shirun nan nata shi ne babbar shaidar cewa ita ta haife shi, don macen da ba ta haifi mutum ba ba ta jin nauyin sunansa. Ya saurare ni har na gama, kuma na ga ya fahimta. Amma ya ce abin da zai yi yau ba a taɓa yi a kotun nan ba, na sama da shi za su karanta abin da ya rubuta, kuma ba zai iya rubuta cewa mai beli ta ƙi faɗin wanda ta tsaya wa ba. Ya ce yana ba ta haƙuri, amma sai ya ji daga bakinta. Ban ga laifinsa ba, har yau ban gani ba.

Tafinta ya juya ya faɗa mata, kansa a ƙasa. Ta ja mayafi ta rufe bakinta. Aka jira. Hajjo ta fara share ido. Ni kuma ina tsaye da kundi a hannu, na kawo ta har bakin ƙofa, sauran taki ɗaya, kuma babu sashen dokar da zai taka mata shi. Majistare ya dubi agogo, ya ɗauki alƙalami. Na san abin da zai rubuta, kuma na san Ummaru ba zai ga wani zaman kotun da ƙafarsa ba.

Sai muka ji murya daga akwatin wanda ake tuhuma, a dishe, tari yana katse ta. Bai dubi inda take ba, majistare yake kallo.

“Ranka shi daɗe, a bar ta. Kada a sa ta hwaɗi. A maishe ni inda anka ɗauko ni, ina iyawa.”

Tafinta bai kai ga juya maganar ba Inna Daso ta sauke mayafin daga bakinta. Ba ta dube shi ba ita ma. Ta ɗaga kai ta dubi majistare, ta yi magana da irin muryar da take kiran masu sayen nono daga wancan gefen kasuwa.

“Ummaru na. Ɗana na, na hwari. Ni na haihe shi, bakin gulbi, da damana. In ya gudu ku kama ni.”

Ummaru ya sulale ya durƙusa a cikin akwatin, ya kifa kansa a kan katako. Mutum mai gemu ne, ranar ya fara jin sunansa a bakin uwarsa, a gaban 'yan sanda da 'yan kallo. Tafinta ya mayar da maganar Turanci. Ni kaina hawaye ya zubo mini a gaban kotu, abin da ban taɓa yi ba. Majistare ya tambayi Saje ko yana da sauran magana. Ya ce babu, bai ko ɗago ba.

Aka kawo tawada ta dangwala yatsa. Na san za ku ce an kafa tarihi, don ku kuna son irin wannan magana. Ba a kafa komai ba. A makon nan ma an kori wata mata daga caji ofis da maganar nan ta mace ba ta beli, na sake ɗaukar kundina na tafi, kuma haka na yi ta yi har na bar Gusau. Abin da ya canja kawai, yanzu ina da ranar da zan ce an taɓa yi.

Da aka gama cike-cike, ita ta fara fita. Ta je gindin dalbejiyar da ke harabar kotu inda ta bar ƙwaryarta, ta ɗauko, ta ajiye a ƙasa a tsakiyar fili, ta ɗora ludayi a kai, ta buɗe faifan. Ba ta kira kowa ba. Ta yi gaba kaɗan ta tsaya tana fuskantar titi, kamar mai jiran mota. Ummaru ya fito yana dafa bango, ya ga ƙwaryar, ya tsuguna ya fara sha.

Ta yafito ni da hannu, na matsa kusa.

“Malama, ki ce ma wancan shi sha sannu. Cikin nai ya daɗe babu komi.”

Tsakaninsu bai fi tsawon tabarmar salla biyu ba, ya ji ta sarai. Duk da haka na taka na je na faɗa masa. Ya ajiye ludayin, ya goge gemunsa da bayan hannu, ya ce in ce mata ya ji. Na koma na faɗa mata. Ta gyaɗa kai, ta jira har ya ƙoshi, Hajjo ta ɗauko ƙwaryar, sannan ta kama hanyar tasha tana tafiya a hankali, ba irin saurin da na san ta da shi ba. Shi kuma ya bi ta a baya, nesa kaɗan, yadda ya saba.